Koriyar Fitilar Gidan Abdurrazak

Buhu goma sha biyu na gero Abdurrazak ya kulle a mangazar gidansa, wato ɗakin ajiya, ranar da zai tafi ci-rani Kano. Bayan wata biyar ya dawo, hadari ya fara leƙowa ta gabas, ya tara maƙwabta da safe ya buɗe ƙofar yana murmushi. Buhu uku ya tarar. Kwaɗo na nan lafiya lau, bangon siminti ba a taɓa shi ba, kwanon rufi ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba. Fitilar da ke saman ƙofar zaurensa kuma, har zuwa wannan safiya, koriya ce shar.

Wanda bai san fitilar nan ba, ba zai gane abin da ya ruɗa unguwa ba. A nan Matameye, namiji in zai tafi ci-rani yakan ware wa gida abin da za su ci, sauran ya rufe, ba mai buɗewa sai shi ranar da ya dawo noma. Mace ba ta buɗe abin da namiji ya rufe, ko matarsa ce, ko uwar da ta haife shi. Iyayenmu laka suke shafawa a bakin rumbu, su danna tafin hannu a kai, shi ke nan. Abdurrazak kuwa kayan waya yake sayarwa a Kano, laka ta yi masa ƙauyanci. Sai ya zo da wani ƙwan fitila mai wayo da suke kira ampul, ya sa Nasiru mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya maƙala shi a ƙofar zaure, ya haɗa da farantin hasken rana da batir. In mangaza na rufe, fitila koriya. In aka buɗe ƙofarta sai ta koma ja, wayarsa kuma ta yi kuka ko yana ina. In shi da kansa ya kwance tsaron daga waya, kamar yadda ya yi da safen nan kafin ya sa mabuɗi, sai ta koma fara irin ta kowa.

Mu kuwa mutanen unguwa muka ɗauki fitilar kamar tamu. Mai tafiya masallaci ya ɗaga kai, mai dawowa daga kasuwa ya ɗaga kai, har kwatance ake yi da ita. Wata biyar muna gadin geron wani da ido ba wanda ya sa mu, ga shi an kwashe shi a gabanmu. Gaskiya abin da ya ƙona mana rai ke nan, ba geron ba.

Mutanen da aka mayar sakarkaru ba sa daɗewa ba su samo wanda za su huce a kansa ba. Sule mai shayi ya tuna ya taɓa ganin amalanken Tanko ya fito ta bayan gidan da buhu a kai. Manu, wanda shekaranjiya ya sauka daga Legas da sabon agogo da sabuwar murya, ya ce to me ake jira. Kafin hantsi an tisa ƙeyar Tanko zuwa zauren mai unguwa, Malam Iliyasu. Aka tambaye shi, ya yi gum. Abdurrazak ya rantse in aka sallame La'asar bai faɗi inda gero yake ba, a hannun jandarma zai kwana. Wanda ya shiga can a bakin damina kuwa ya yi sallama da gonarsa, ga Tanko da 'ya'ya shida da sa guda ɗaya.

Malam Iliyasu ya ce to a bari har La'asar ɗin. Ya aika a kira Shekara mai bin sawu.

*

Saƙon ya iske Shekara a gindin bango, ƙwaryar fura a kan gwiwa, yana mita.

"Najaha, furar nan dai har yau da ɗacinta. Wata biyu ina faɗa."

Matarsa ta amsa daga madafa, ko leƙowa ba ta yi ba. "Bakinka ne ya tsufa, Malam. Sha ka gode Allah."

Ya sha. Ya san ba shi da bakin magana, don rabon da ya shigo da wani abin kirki gidan har ya manta. Da can in aka saci akuya a Tsauni ko raƙumi a Icirnawa, shi ake zuwa ɗauka da doki. Yakan duƙa ya kalli ƙasa ya ce ɓarawon gurgu ne, ya tsaya nan ya sha taba, ya yi gabas. Yanzu kowa takalmin roba iri ɗaya yake sawa, ɓarayi sun koma kan babur, idon hagu ya yi masa hazo, gwiwoyi kuma sai ya lallashe su kafin su yarda su miƙe. Bai ji daɗin kiran ba, bai kuma ji haushi ba. Gajiya kawai ya ji, ya jawo sandarsa.

*

A gidan Abdurrazak ba sauran ƙasar da za a karanta. An share tsakar gida da asuba saboda dawowar mai gida, sannan rabin unguwa suka shigo suka tattake abin da tsintsiya ta bari.

"Baba Shekara," in ji Abdurrazak, "ba don mai unguwa ba da ban wahalar da kai ba. Ga wayata, ga kowace rana a rubuce. Kore, kore, kore."

"To ai magana ta ƙare. In waya ta ce ba a buɗe ba, geronka na ciki. Koma ka sake dubawa."

Abdurrazak bai yi dariya ba. Idonsa ya yi ja, kuma ba laifinsa ba ne. Geron nan shi ne abin da gidan zai ci har kaka, shi za a dama wa masu taya shi noma. Kuma ba a ce ya bar gida da yunwa ba, buhu huɗu ya ware wa uwarsa da matarsa kafin ya tafi.

"Mabuɗi nawa kwaɗon nan yake da shi?"

"Ɗaya. Na marigayi babana ne, tun ina yaro nake ganinsa. Da mabuɗin na tafi Kano."

Shekara ya shiga mangazar ya tsaya har idonsa ya saba da duhu. Ya tura hannu cikin buhu ɗaya, ya damƙo, ya shinshina. Gero ne mai kyau, gauraye da toka da dakakken ganyen dogon yaro saboda ƙwari. Haka marigayi Lawwali, uban Abdurrazak, yake ajiye hatsi, ɗan bai canza ba. A bayan buhunan ukun kuma sai ga buhuna tara babu komai ciki, an kakkaɓe su, an ninke, an jera, an ɗora dutse a kai.

Manu, da ya biyo shi ba a gayyace shi ba, ya ce, "Wayo ne. Juyewa ya yi a nasa buhunan, don waɗannan da suna a jiki."

"Ka taɓa ganin ɓarawon da ke ninke buhu ya danne da dutse?" in ji Shekara. "Wannan ba ya sauri. Kuma yana tausayin buhu."

Da ya fito, ya tsaya gaida Inna Balki, uwar Abdurrazak. Tana zaune a inuwar rumfa tana kaɗi, ita kaɗai ta rage mai wannan sana'a a unguwar tun da zaren kanti ya cika kasuwa. Takan dangwali farin alli da yatsa, ta murza mazari, ta ja auduga, ba ta kallon kowa. Shekara abokin mijinta ne tun suna samari.

"Balki, ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri. Shekara, har yanzu kana gani kuwa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To, Allah ya sa ka ga alheri." Ta ci gaba da murza mazarinta.

*

Tunda kwaɗo bai karye ba, fitila ba ta yi ja ba, wasu sun fara raɗa cewa wanda ya haɗa abu shi ya san makwancinsa. Shekara ya ja ƙafa zuwa rumfar Nasiru a bakin tasha. Ya same shi cikin wayoyi da matattun rediyo, ya riga ya ji raɗe-raɗin, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, wallahi tallahi ni ban da hannu. Normalman, a ƙa'ida dai, abin nan ba ya ƙarya."

"Ban ce ka yi ba. Gaya mini yadda fitila take sanin an buɗe ƙofa, alhali tana zaure, ƙofa na can ƙuryar gida. Da Hausa za ka faɗa."

Nasiru ya ɗauko ƙwayar goro ya ɓare ta biyu. "Wasu 'yan abubuwa ne guda biyu kamar haka. Ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya a jikin katakon da ke samanta. In ƙofa na rufe suna manne da juna, fitila kore. Da an buɗe sun rabu, sai ja. Ta waje na sa su, can sama ƙarƙashin kwano, don ƙofar ƙarfe tana tare rezo, saƙo ba ya fita."

"Kuma tun da ka sa ba su taɓa rabuwa ba?"

"Ko sau ɗa..." Nasiru ya tsaya, ya sosa ƙeya. "To, sau ɗaya. Wata biyu da tafiyarsa, ranar da guguwa ta yaye rumfunan kasuwa. Ƙofar ta jijjiga, na jikinta ya ɓalle ya faɗi. Abdurrazak ya kira ni hankali a tashe, ni kuma ina Icirnawa ina wani aiki. Kafin in dawo ta koma kore."

"Wa ya gyara?"

"Na ɗauka ya turo wani."

"Ka je ka duba?"

"Baba, ai kore ce. Normalman in kore ce..."

Shekara ya dube shi har ya yi shiru. Ba ɓarawo ba ne, rago ne kawai, kuma da ana kai rago jandarma da garin nan ya yi fili. Ya karɓi rabin goron ya jefa a baki, ya tafi.

*

Tanko na zaune a ƙasa a zauren mai unguwa, hannuwansa a kan gwiwa. Ba a ɗaure shi ba, amma an zaunar da ƙarti biyu a bakin ƙofa. Shekara ya roƙi a ba su wuri, ya zauna kusa da shi da ƙyar.

"Sule ya gan ka da buhu."

"Ya gan ni."

"Guda nawa?"

"Ɗaya. Inji na kai, aka niƙa, na maido gari da buhun. Ko tiya ban taɓa ba."

"Wa ya aike ka?"

Tanko ya kalli ƙasa. "An sa ni rantsuwa, Baba."

"Rantsuwar za ta yi maka shuka? Ruwa na iya sauka jibi. In suka tafi da kai Damagaram, wa zai riƙe wa 'ya'yanka garma?"

Ƙwalla ta cika idon Tanko. Can ya ce, "Ranar da uwar yaran nan ta rasu, akwai wadda ta yi kwana arba'in tana aiko mana tuwo. Ba zan iya ba."

Shekara ya ji haushinsa, ya kuma ji tausayinsa, tausayin ya fi yawa. Ya san wadda ta yi wannan aiken tuwo, duk unguwa ma an sani, an dai manta ne. Ya so a ce bai sani ba. Ya dafa bango ya miƙe, aka kira Azahar.

*

Bayan salla gidan Abdurrazak ya yi tsit, kowa ya fake wa rana. Abdurrazak ya tafi tasha karɓo sauran kayansa. Shekara ya mirgino turmi zuwa bakin mangaza, ya kife shi, ya hau yana salati, gwiwoyinsa suna ƙara. Idonsa ba zai ga komai a inuwar kwanon ba, sai ya bar yatsunsa su duba.

A jikin ƙofa babu komai sai busasshen gam. 'Yan abubuwan nan biyu duka suna can sama a jikin katako, an haɗa su, an naɗe su tam da zare, an ɗaure a kan ƙusa. Ko a buɗe ƙofar nan sau ɗari ba za su rabu ba. Ya murza zaren tsakanin yatsu. Ba na kanti ba ne, wani wuri kauri wani wuri siriri, kaɗin hannu ne. Da ya sauko da hannunsa cikin haske, sai ga fari-fari a kan yatsunsa. Alli ne, ya maƙale a jikin katako inda iska ba ta kaiwa.

Ya sauko a hankali, ya mayar da turmi inda ya ɗauko shi. Inna Balki na nan a rumfarta. Mazarin ya tsaya cak a hannunta, sannan ya ci gaba da juyawa.

Saura ya san inda geron ya tafi, don tsohuwa ba ta cinye buhu tara. Ya bi ta ƙofar baya, ya shiga lungu yana duba gindin katanga, inda mata ke zubar da abin da suka bakace. Dogon yaro ya cika Matameye, ganyensa ko'ina akwai, amma wanda ya faɗo daga itace rawaya ne kuma ɗungurungum. Wanda yake nema dakakke ne, kore-kore, da toka a jikinsa. Ya same shi a bayan gida mai shuɗiyar ƙofa, inda kaji ke tono. Ya same shi a gida na gaba. Ya tsallaka, ya sake samu. Duk gidajen da mazansu suka tafi ci-rani ne, a shekarar da naira ta lalace har abin da suke aikowa in an canza ba ya kai mako.

Gida bakwai ya ƙirga. Ya zauna a kan wani kututture ya huta, ya ɗauki ɗan ganyen ya sa a harshe don ya tabbata. Ɗacin da ya ji ba baƙo ba ne. Wata biyu ke nan kullum safiya yana jin sa.

Ya daɗe zaune a wurin, rana na dukansa, bai ji ta ba.

*

Najaha na wanke ƙwarya ya shigo. Ya zagaya bayan madafa, ya duƙa, ya tsinto abin da ya san zai tsinta. Ya dawo ya buɗe mata tafin hannu.

Ta kalla, ta ajiye ƙwaryar. "Ka gama bin na mutane ka zo kan nawa?"

"Tun yaushe?"

"Tun da namu ya ƙare. Ka ɗauka daga ina yake zuwa, Malam? Kana zaune gindin bango, ƙwarya na zuwa, ka taɓa tambaya? Balki ce ta shigo ta ga tukunya a kife. Washegari ta dawo da tiya biyu cikin zane, ta ce bakina alaikum."

"Kin san daga inda ta ɗebo?"

"Na kalli fitila na ga kore, na ce wa zuciyata daga rabonta ne." Muryarta ta yi ƙasa. "Na so in yarda, sai na yarda. Yanzu za ka je ka tona mata asiri gaban ɗanta da maza?"

"In na yi shiru Tanko zai tafi."

"In ka yi magana fa?"

Kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shekaru arba'in ya yi yana bin sawun mutane har ƙofar gidajensu, bai taɓa duba bayan madafarsa ba. Ya yi alwala, ya fita.

*

Da aka sallame La'asar, Shekara ya ce a taru a ƙofar gidan Abdurrazak, ƙarƙashin fitilar. Aka kawo Tanko. Malam Iliyasu ya zauna kan dakali, Nasiru ya raɓe a gefe, Sule ya bar shayinsa a wuta, Manu na gaba-gaba. Mata kuwa ba a gan su ba, amma duk katangar da ke kusa akwai numfashi a bayanta.

"Abdurrazak, rufe mangaza, ka mayar da tsaronka."

Ya rufe, ya latsa waya. Fitila ta koma kore.

"Manu, kai ne mai ƙarfi. Shiga ka wangale ƙofar."

Manu ya shiga. Aka ji ƙarar ƙarfe, ya ɗaga murya ya ce ya buɗe. Kowa ya ɗaga kai. Fitila na nan koriya shar, waya ko tari ba ta yi ba. Wuri ya kaure, aka juya kan Nasiru, shi kuwa "normalman" kawai yake faɗa. Shekara ya ɗaga sanda, ya ce Nasiru ya je ya hau ya yanke abin da zai tarar a sama, ya kawo masa a dunƙule. Jim kaɗan fitila ta yi ja wur, wayar Abdurrazak ta fashe da kuka. Nasiru ya dawo ya zuba wa Shekara abu a hannu, Shekara ya rufe hannun bai nuna wa kowa ba.

"Wata uku ke nan 'yan abubuwan nan biyu suna ɗaure da juna," in ji shi. "Ana shiga ana fita, mu muna nan muna kallon kore. Tanko bai saci komai ba, aike aka yi masa. Geron kuma ba a sayar ba, bai bar unguwar nan ba. Tiya-tiya ya fita, na bi sawunsa gida takwas."

"A faɗe su!" in ji Manu. "Ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji!"

"Zan faɗa. Daga na takwas zan fara." Shekara ya jingina da sandarsa. "Gidana ne. Wata biyu ina shan furar geron nan, har mitar ɗaci nake yi. In jandarma za a kai wanda ya ci, ga ni, sai dai a samo mini amalanke don ƙafata ba za ta kai ba. Manu, in koma kan na farko? Ƙofarsa shuɗiya ce."

Gida ɗaya ne mai shuɗiyar ƙofa a lungun, kuma Manu ne ya shafa mata fentin da hannunsa. Mazan da suka dawo cikin makon nan suka tarar da 'ya'yansu da ƙiba, suka yaba wa kansu, duk suka sunkuyar da kai.

"Ni ba wanda ya ci nake tambaya ba," in ji Abdurrazak. "Wa ya buɗe mini ƙofa? Baba Shekara, buɗe hannunka."

Shekara bai buɗe ba. Daga cikin zaure aka ce, "Ƙyale shi. Ni ce."

Inna Balki ta fito a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa, jar fitila a saman kanta. Ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma kalle shi ba. Mai unguwa ta kalla.

"Malam, ranar guguwa yaron nan ya kira ya ce in haɗa abubuwan su taɓa juna. Gam ya ƙi kamawa, na ɗaure da zarena, ta koma kore, ya ce madalla. Wallahi ran nan ban nufi komai ba. Sai daga baya na fara jin unguwa tana yin shiru. Gidan da na saba jin daka da safe, in saurara in ji babu. Yau wannan, gobe wancan. Na fara da rabona har ya kusa ƙarewa. Ina zaune ina kallon ƙofar nan, hatsi na bayanta, 'ya'yan mutane na kwana da ruwan kuka."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wani tsohon mabuɗi, ya yi baƙi don daɗewa.

"Wannan ubansa ya ba ni, shekarar da ya fara tafiya ci-rani. Ya rufe a gaban mutane yadda ake yi, da muka shiga ɗaki ya sa mini shi a hannu, ya ce in ta yi tsanani ki buɗe, ba sai kin jira ni ba. Shekara talatin ban taɓa sa shi a kwaɗon ba." Sai yanzu ta juyo ta dubi ɗanta. "Shi mabuɗi ya bar mini. Kai fitila ka bar mini."

Abdurrazak ya zauna a kan dakali. Wayar na ta kuka a hannunsa, sai da Nasiru ya karɓa ya kashe.

"Inna, da kin gaya mini."

"Da na gaya maka me za ka ce?"

Yaron kirki ne, bai iya yi mata ƙarya gaban mutane ba. "Da na ce ki jira in dawo."

"To."

"Buhu uku ba za su kai mu kaka ba, Inna."

"Na sani. Ni na ninke buhunan."

Malam Iliyasu ya yi gyaran murya ya ce Tanko ya tashi, ba shi da laifi. Inna Balki ta ce wa Tanko ya yafe mata, ta ga an tafi da shi da safe, ƙafarta ta kasa ɗaukarta. Abdurrazak ma ya miƙe ya kama hannunsa yana neman gafara. Tanko ya zare hannun a hankali, ya ce sansa bai sha ruwa ba tun safe, ya wuce. Bai kalli Sule ba, bai kalli Manu ba.

Mutane suka fara zamewa ɗai-ɗai, kowa da abin da zai je ya tambaya a gida, ko ya kasa tambaya. Manu ne ya tsaya daga nesa, yana murza sabon agogonsa. "Gonar taka ta hanyar Tsauni ce ko?" Abdurrazak ya gyaɗa kai. Manu ya ce to, ya tafi. Ko zai je taya shi noma ko ba zai je ba, sai ruwa ya sauka za a gani.

Abdurrazak ya karɓi wayarsa zai mayar da fitilar fara. Uwarsa ta ce, "Bar ta ja yau. Wata uku tana ƙarya a ƙofata, ni na sa ta, na gaji da kallonta." Ya mayar da wayar aljihu. Shekara ya matsa kusa da ita, ya buɗe hannunsa, ya ba ta zarenta.

*

Rana ta yi sanyi ya isa gida, ƙafafu kamar ba nasa ba. Najaha ta riga ta ji komai ta kan katanga. Ta shimfiɗa masa buzu a gindin bango, ta kawo ƙwarya ta ajiye.

"Tiya ta ƙarshe ke nan," in ji ta.

Ya ɗauka da hannu biyu, ya kai baki. Tana tsaye tana kallonsa.

"Da ɗaci?"

"Akwai," in ji Shekara. Ya shanye tas, har da abin da ya kwanta a gindin ƙwaryar.